Maitama Ya Tafi Biko da Bonjur

Tun Funtuwa ba ta san ƙarar jirgin ƙasa ba, tun ana sayen goro da wuri, aka yi wani mutum a Mahuta ana ce masa Maitama. Dogo ne, mai fara'a, ba ya sata, ba ya cin zalin kowa. Aibinsa ɗaya, bakinsa ya fi shi girma. In ya kama fara a gona, kafin ya iso gida ta zama zabuwa.

'Yan watanni da aurensa da Hansai, 'yar Malam Abdussamad na Dandume, ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, ya ce da ita kafin a yi shuka yana gida. Aka yi shuka aka girbe, aka sake yi aka sake girbewa, babu Maitama babu dalilinsa. Ashe daga Gwanja ya zarce da wasu 'yan koli har bakin teku, garin Ajashe, ya sami aikin tsaron ƙofa a gidan wani Bafaranshe mai sayen manja. Can ya zauna yana buɗewa yana rufewa, yana tsintar kalmomin da suka faɗo daga bakin masu shiga da fita.

Sai ƙarshen damina ta uku, dawa ta fid da kai, ya faɗo Mahuta da la'asar. Ba jaki, ba huhun goro ko ɗaya. Abin da ya zo da shi shi ne wata hular Nasara mai faɗin baki, da takalman fata masu tsawo har ƙwauri waɗanda ubangidansa ya gaji da su, sai kuma Faransanci.

Gwaggonsa Sakinatu, wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana gurzar auduga. Da ta ɗaga kai ta gan shi, ƙarfen gurza ya suɓuce mata, idonta ya cika da hawaye. Tana jira ya tuɓe takalmi ya durƙusa, sai ya tsaya ƙiƙam, ya ɗaga hula sama ya ce, "Bonjur, madam!"

"Me ka ce?"

"Gaisuwa ce, Gwaggo, ta Faransa. Har ta ƙare."

"Ta ƙare?"

"Ƙaf. Ina wuni, ina gajiya, yaya gida, duk suna cikinta a dunƙule. Mutanen can ba su da lokacin ɓatawa. Ina Hansai?"

"Tana gidansu."

Maitama ya gyaɗa kai kamar boka. "Yaji ke nan. Kada ki ƙara komai, Gwaggo, na gane. Gobe zan je biko, bikon da ƙasar nan ba ta taɓa gani ba."

Gwaggo ta share hawayenta da bakin zane, ta ɗauki ƙarfenta, ta ci gaba da gurzarta.

To, bari in gaya muku abin da Mahuta da Dandume duka suka sani, har awakinsu, Maitama kaɗai bai sani ba. Hansai ba yaji ta yi ba. Ya tafi ya bar ta da ƙaramin ciki, ta je gida haihuwar fari kamar yadda kowace mace ke yi, ta haifi 'ya mace, yarinyar har tana gudu tana 'yan surutai. Gaskiya ne Malam Abdussamad ya rantse cewa in kakar bana ta wuce surukinsa bai dawo ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Amma labarin dawowar Maitama ya riga shi isowa, tsoho ya huce, har an ɗora tuyar gara za a maido masa iyalinsa. Abin da ake bukata daga Maitama kawai ya zauna gida ya yi shiru, abin da bai taɓa iyawa ba tun da uwarsa ta haife shi.

Kafin magariba Gwaggo ta zagaye maƙwabta ta ja kunnen kowa. "Kada wanda ya gaya masa. Ranar da ya buɗe baki ya ce yaya iyali, yaya yara, kamar ɗan mutane, a ba shi amsa. In bai tambaya ba, a bar shi da bonjur ɗinsa."

Da hantsi Maitama ya nufi marina neman 'yan rakiya. Ya tarar da Shitu, ɗan Gwaggo, taubashinsa kuma babban abokin tsokanarsa, hannuwa biyu cikin baba har gwiwar hannu. Gefe guda ga Sada masaƙi, mutum mai kunya, ya kawo zare a rina masa.

"Ku bar abin da kuke yi," in ji Maitama. "Yau za ku raka wazirin Nasara biko. Can ba mai ganin ubangidana sai ta hannuna."

Shitu ya ce, "Ranka ya daɗe, Waziri. Ɗan ɗanɗana mana harshen nasu."

"Ferme la port."

"Wato?"

"Rufe ƙofa."

"Ƙara mana."

"Ubre la port. Buɗe ƙofa."

"Ashe sarautar taka a bakin ƙofa aka naɗa ta."

Marina suka kwashe da dariya. Maitama bai ko kula ba. "Jahilci ke damunku. Harshe ne mai zurfi. A Faransanci komai da jinsinsa. Ƙofa mace ce, la ake sa mata a gaba. Doki namiji ne, le ake sa masa."

"To mu nan ƙofa namiji ce? Ka ci ƙasa har bakin teku don ka gano ƙofa mace ce?"

"Yaro ka ce masa tu, babba ka ce masa bu."

"Kai da ku. Muna da shi, Waziri, ba mu saya ba."

"Kuna da marsi? Kuna da silbuple? Kuna da fardon? In an yi maka alheri, marsi. In kana roƙo, silbuple. In ka taka mutum, fardon, magana ta wuce, ba sai an tara dattawa ba." Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa. "Yanzu ku saurari ladabi. Babba ba a durƙusa masa, tsayawa ake yi a dube shi cikin ido. Takalmi ba a tuɓe shi, hula ake cirewa. Mace ita ke wucewa gaba. Babbar mace hannunta ake sumbata, ɗan'uwa kuwa a kunci, dama da hagu. Sada, fara. Cire hula ka ce bonjur."

Sada ya dafe hularsa da hannu biyu. "Maitama, don Allah a bar ni da tawa gaisuwar."

"Silbuple ake cewa! Cire!"

Ya fizge hular. Jama'a, ashe Sada sanƙo gare shi tun daga goshi har ƙeya, yana ƙyalli kamar sabuwar ƙwarya, shekara da shekaru yana ɓoyewa, ko wanzaminsa rantsuwa ya sa shi. Marina ta fashe da dariya. Wani mai bugu har ya saki mabugi ya kwanta a ƙasa. Sada ya ƙwace hularsa ya kifa, yana cewa, "Allah ya isa tsakanina da Faransa."

"Fardon," in ji Maitama. "Ka gani? Ta wuce. Shitu, zo mu gwada ta kunci."

Shitu bai taɓa yin biyayya da sauri irin ta ran nan ba. Ya zare hannuwansa daga rijiyar baba suna ɗiga, ya tallabi fuskar Maitama da su, ya ce, "Dama ko hagu za a fara, Waziri?" Kafin Maitama ya fizge, tafin hannu biyu sun zauna masa a kumatu, shuɗi shar, yatsu a jere har kunne. Aka kawo ruwa, aka kawo toka, aka goge da soso. Baban rinin Shitu kuwa ba na wasa ba ne, ƙara fitowa ma ya yi.

Maitama ya leƙa fuskarsa a ruwan kwatarniya, sannan ya kafa hularsa. "Manyan can ma suna shafa irin wannan ranar sallarsu. Mu tafi."

Ran nan kasuwar Dandume ke ci, hanya cike da mutane. Duk wanda ya tsaya ya ce, "A'a, Maitama, saukar yaushe? Ina gajiya?" sai ya ɗaga hula ya ce, "Bonjur! Sa ba? Sa ba! Orebuwa!" wato har ya yi ban kwana, ya wuce, ya bar mutum da sauran gaisuwa a baki. Masu cirar auduga suka miƙe daga gona suna kallo. Yana cewa 'yan rakiyarsa, "Kun ga amfanin? Da da ne, har yanzu muna bakin gari ana tambayarmu ruwan Gwanja."

A gefen fadama suka yi kiciɓis da Baba Mati, ƙanin Malam Abdussamad, a kan jakinsa. Aiko shi aka yi Mahuta ya shaida wa Gwaggo cewa gobe za a kawo Hansai. Tsoho ya ja jaki ya tsaya, ya gyara murya, don shi mutum ne da ba ya isar da saƙo sai gaisuwa ta nuna.

"Maitama ne? Barka da zuwa. Ina gajiyar hanya? Yaya aka baro mutanen..."

"Bonjur, misiye!"

Maitama ya ciro hular nan ya kaɗa ta da faɗi, har bakinta ya shafi hancin jaki. Jakin bai taɓa zuwa Ajashe ba. Ya ga baƙin abu ya taso masa, a bayansa ga shuɗiyar fuska, sai ya yi tsalle gefe, ya juye Baba Mati cikin taɓo, ya ɗaga wutsiya ya shiga gonar rake.

"Fardon!" in ji Maitama.

Baba Mati ya ɗago daga taɓo, gemu na zuba. "Uban wa ka ce?"

"Ta wuce, Baba. Orebuwa!"

Sada ya tsaya zai tayar da tsohon, Maitama ya ja shi. "Na riga na ce fardon. In ka ƙara wani abu ka ɓata ta." Shitu kuwa tafiya yake yana riƙe ciki, hawaye na zubo masa.

Gaba kaɗan akwai rafi, an gicciya gungumen giginya a kansa, mutum ɗaya ɗaya ke hayewa. A bakinsa suka tarar da mata da ƙoren nono da na fura a ka. Babbarsu, Inno mai fura, 'yar Dandume ce, kashedin Gwaggo bai kai kunnenta ba. Tana ganinsa ta rangaɗa guɗa.

"Maitama! Albishirinka!"

Kowa ya san amsar wannan, goro ake cewa a ji labari. Maitama ya ɗaga hula ya ce, "Marsi, madam. Ai na sani. Na dawo lafiya, duk ƙasa ta ɗauka."

"Ba shi ba ne, ɗan nan, cewa nake..."

"Marsi boku. Haye, silbuple."

Inno ta ja da baya. "In haye? Ga maza tsaye? Ku wuce mana."

"Mace ce gaba."

"A gidan wa? In shiga gabanku ina tafe kuna kallon bayana? Ban yi lalacewar nan ba."

"Silbuple, madam."

"Kai ne silbuple. Wuce!"

Shi ya rantse ba zai taka gungumen ba sai mata sun haye, su kuma suka ce ko za a kwana. 'Yan kasuwa suka yi ta taruwa a baya, masu tukwane, masu buhunan barkono, wani da tumaki, wani da dami a ka yana zagi. A ɗaya gaɓar ma an cika. Maitama ya ga taro ya samu, sai ya hau kan gungumen, ya juyo da baya ga rafi don ya yi wa jama'a bayanin ladabi. Yana cikin cewa, "A ƙasashen da aka waye," wani rago ya gaji da jira, ya kutsa tsakanin ƙafafunsa.

Takalmin Nasara ba a yi shi don jiƙaƙƙen giginya ba. Aka ji funjum. Hula ta bi ruwa, Sada ya kamo ta da sanda. Kafin a tsamo Maitama, maza da mata duk sun haye, ba wanda ya tsaya duba wa ke gaba. Inno ta waiwayo daga can ta ce, "Goron albishir ɗina yana wuyanka, shuɗin banza!"

Ya fito yana tsiyaya, takalman sun sha ruwa da laka sun kama ƙafarsa gam, kowane taku sai sun yi kuka. Sada ya ce, "Maitama, mu koma gida ka sake riga. Ka je gobe, ka durƙusa kamar kowa."

"In durƙusa? Kowane ƙaton ƙauye ya iya durƙuso. Malam ya riƙe Hansai ne don yana ganin 'yarsa ta auri ɗan tamore. Yau zai san wa ta aura."

Suka shiga Dandume da rabin kasuwa a bayansu, don wanda ya ga abin da ya faru a rafi ba ya son a ba shi labarin sauran.

Malam Abdussamad yana zaure a kan buzunsa, dattawan unguwa kewaye da shi. A gefe an jera masakai da tukwane an rufe da faifai, ƙamshin alkaki da nakiya ya cika wurin. Shitu da Sada suka tuɓe takalma tun daga nesa, suka yi sallama, suka raɓe a bakin ƙofa. Maitama kuwa ya danna kai ciki, caɓal caɓal, ya bi ta kan tabarmi, ya tsaya da takalmi ɗaya a gefen buzun da Malam ke salla a kai. Ya cire hula, ya bar kai tsirara a gaban surukinsa, ya ƙura masa ido, ya miƙa hannu.

"Bonjur, misiye. Koman tale bu?"

Malam ya dubi hannun, ya dubi lakar da ke kan buzunsa, ya dubi fuskar. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Liman, aljanin ruwa ne ko na tudu?"

"Ni ne, Baba, Maitama. Bu na ce muku, ba tu ba. Girmamawa ce."

"Madalla. Da ba a girmama ni ba, ina za a taka?"

Ana cikin haka wata 'yar yarinya ta fito daga cikin gida da gudu, da ɗan guntun alkaki a hannu. Ta tsaya ta ƙare wa takalman nan kallo, abin ya ba ta sha'awa, ta rungume ɗaya tana bubbuga shi. Dattawa suka zuba ido. Maitama ya karkaɗe ƙafa.

"'Yar wace ce wannan? A ɗauke ta mana, silbuple, manya na magana."

Wani tsoho ya ce, "Innalillahi." Shitu, wanda tun safe yake dariya, ya sunkuyar da kai. Fuskar Malam ta sauya, amma Maitama bai gani ba, don idonsa ya hango Inna Hajo, uwar Hansai, ta biyo yarinyar da tukunyar zuma a hannu. Da ta ga surukinta ne, sai ta ja mayafi ta rufe fuska za ta koma, kamar yadda kowace suruka mai kunya za ta yi. Maitama ya ga ranar da ya yi wa tanadi ta zo. Taku biyu ya sha gabanta, ya ranƙwafa, ya kamo hannunta, ya turo baki.

"Wayyo Allah! Zai cije ni!"

Ta ɗaga tukunyar ta kife masa a ka. Zuma ta gangaro ta bi shuɗin kumatu, ta shiga wuyan riga. Ya ja da baya a makance yana "Fardon, madam, fardon," ya taka faifai, santsi ya kwashe shi, ya zauna daram cikin masakin nakiya. Mutanen da ke cunkushe a ƙofar zaure suka ɗauki ihu, na baya suna tambayar na gaba, na gaba ba su da numfashin ba da amsa. Ƙudajen Dandume kaf suka zo yi masa barka da zuwa.

Daidai nan Baba Mati ya kutso, taɓo ya bushe masa har gira, ba jaki. "Yaya, kada ka ba shi! Ka aike ni in ce gobe za a kai masa matarsa, ya jefa ni fadama ya zagi ubana da wani yare!"

Malam ya miƙe. "A mai da kayan garar nan ciki. Ba inda za ta. Alƙali yana nan, bai yi ƙaura ba."

Maitama ya share zuma daga ido. "Gobe? Za a kai ta? Ba yaji ta yi ba?"

A nan ne ya gane ɓarnar da ya yi. Duk surutun nan nasa, Maitama yana son Hansai, so na gaske. Zaman da ya yi a bakin ƙofar Nasara, ita yake tunawa, kuma kunyar dawowa hannu wofi ce ta sa ya cika hannun da bonjur. Yanzu ga shi zaune cikin garar da aka yi dominsa, ya rushe da bakinsa abin da aka riga aka gina masa.

Sai aka ji murya daga bayan asabari, a hankali. "Baba, a ba ni izini in yi tambaya."

Malam ya ce, "Yi, Hansai."

"An ce an koyo harshe. To a tambaye ni da shi yadda na ga damina uku."

Maitama ya ce, "Sa ba?"

"Wato me?"

"Wato lafiya?"

"Sai in ce me?"

"Sai ki ce sa ba."

"Daga nan fa?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan," in ji Hansai. "Ashe ba a koyo wurin da mutum zai ce ba lafiya ba. To ni ban iya wannan ba. In ana da magana da gidan nan, a tuɓe takalmi a gai da mutane."

Maitama ya kama takalmi ya ja. Ko motsi. Ya sake ja har jijiyar wuya ta tashi. Shitu ya kama ɗaya, Sada ya riƙe Maitama ta hammata, jama'a na ba da baki, "Ja! Ja!" Takalmin ya fita da ƙara kamar an cire turmi daga laka, Shitu ya tafi da baya ya faɗa kan Baba Mati. Ɗayan kuwa ya ƙi, sai da aka kira baduku daga kasuwa ya tsarge shi da wuƙa tun daga ƙwauri har yatsu. Ƙafafun suka fito fari fat sun yamutse, warin da ya biyo su ya sa Liman ya tuna yana da uzuri a waje.

Shitu ya cire tasa hular ya kifa masa a kan zumar. Maitama ya ja jiki ya koma bakin tabarma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Yaya damina?"

"Alhamdu lillahi."

"Yaya aka ji da haƙuri da mu?"

Malam ya dube shi ya ce, "Haƙuri ya zama dole."

"Yaya jikin Inna? A ba ta haƙuri."

"Hannun dai yana nan, ba a cire ba."

Aka yi 'yar dariya ƙasa ƙasa. Maitama ya ci gaba. Ya tambayi gona, ya tambayi dabbobi, ya tambayi jakin Baba Mati, aka ce masa yana cikin rake yana yi wa mai gona bonjur. Gaisuwa ta bi hanyarta da kanta, kamar yadda ta saba tun kaka da kakanni, har ta iso inda take isowa.

"Yaya iyali?"

"Lafiya lau."

"Yaya yara?"

Na waje suka matso, kowa ya kasa kunne.

"Yara lafiya," in ji Malam. "Taka ma lafiyarta ƙalau. Ga ta can ta gaje hularka."

Maitama ya ɗago kai. A lungun zaure yarinyar nan da ya karkaɗe daga ƙafarsa ta kifa hular Nasara, ta rufe ta har kafaɗa, sai 'yan ƙafafu ake gani. Ya dube ta, ya dubi asabari, ya dubi Shitu. Shitu ya gyaɗa masa kai.

"Tawa?"

"Ka tafi ka bar ta a ciki. Da ka tambayi ko mutum ɗaya tsakanin Mahuta da nan, da ka ji. Sunan mahaifiyarka aka sa mata, Mairo. Uwani muke kiranta."

Mutumin da tun Ajashe bakinsa bai huta ba ya buɗe shi, ba abin da ya fito. Hawaye suka sauko suka bi ta kan zuma da baba. Ya manta da kunyar ɗan fari, ya manta da taron da ke kallo, ya rarrafa ya je gabanta ya durƙusa, ya ɗaga bakin hular a hankali.

"Uwata, ina wuni?"

Uwani ta leƙo. Ta kalli shuɗin kumatu, ta lakaci zuma a hancinsa ta lashe. Sannan ta kama hular da hannu biyu ta ɗaga sama, ta ce, "Bonju!"

Zaure ya tashi. Liman ya dawo da gudu yana tambayar me ya wuce shi. Har Malam sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa, daga bayan asabari ma aka ji wata dariya da aka yi ƙoƙarin dannewa aka kasa.

Da ƙura ta lafa Malam ya yanke hukunci. Za a kai Hansai gobe, amma yau Maitama zai koma Mahuta ba takalmi, ya nemo jakin Baba Mati, ya kai wa Inno goronta, kuma duk wanda ya yanke wa gaisuwa a hanya ya tsaya ya ƙarasa masa ita. Haka aka yi. Masu cirar auduga suka ja masa rai, kowa da tambayar ruwan Gwanja, shi kuwa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Sada ma sai da aka durƙusa masa.

Rana ta yi ja ya iso gida, gwiwoyinsa na ciwo, muryarsa ta dushe. Gwaggo na zaune inda ya same ta jiya, da audugarta. Ya zube tun daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, ina wuni. Yaya iyali, yaya yara, ai na ji..."

"A'a," in ji Gwaggo, ta ajiye ƙarfen gurza ta gyara zama. "Ba tsallake. Damina uku nake jiran gaisuwar nan. Fara daga ta ranar da ka tafi."